Kunnen da Ba Ya Ji Sai an Jero Laƙabi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wannan ɗaya ce daga cikin karamomin da Allah Ya bayyana a hannun shehinmu abin koyinmu, masanin Allah, ma'abocin zuhudu da tsantseni, kogin fiƙihu da lugga, wanda zaurensa yake Sabon Gari a nan Wudil, Allah Ya ƙara masa lafiya, Ya amfane mu da albarkarsa. Ba zan faɗi sunansa ba domin ya hana, kai, ko waɗannan siffofin da na jero, da zai ji su sai ya ce in je in yi istigfari. Malam kaɗai ya yarda a ce masa. Amma kuma ban taɓa ganin mai kiyaye laƙabin mutane kamarsa ba. Likita Likita ne a bakinsa, farfesa Farfesa ne, sarkin fawa Sarkin Fawa ne, yakan ce wanda ya sha wahala ya samu abu, rowa ce a hana shi.

To, a cikin masu zuwa karatun bayan la'asar akwai wani bawan Allah mai suna Mudassir, ɗan marigayi Gwadabe manomi na Darki. Mutumin kirki ne wallahi, ga hannu a sake, sai dai Allah Ya jarrabe shi da son laƙabi. Injiniya da Dakta da guminsa ya same su, Alhaji kuma ya je ya sauke farali, ba mai musu. Daga baya wata ƙungiya ta kira shi wani otal a Kano ta rataya masa Ambasada, samarin unguwa kuma da ya saya musu rigunan ƙwallo suka ɗora masa Garkuwan Matasa. Ya buga kati mai ruwan zinare: Ambasada Alhaji Injiniya Dakta Mudassir Gwadabe, Garkuwan Matasa. Kuma a jere yake son su. Ka kuskura ka sa Dakta gaban Injiniya, zai dakatar da kai ko da ta'aziyya ka zo yi masa.

Rannan an tashi daga karatu, ana ta gaisawa a ƙofar zaure, sai ga yayansa Zubairu ya iso daga Darki a kan babur, da buhun gero a ɗaure da ƙurar gona a ƙafa. Ya hango ƙaninsa cikin manyan mutane, ya ɗaga murya cikin murna ya ce, “Ɗan'auta! Inna na gaishe ka, ta ce wata huɗu ke nan ba ta sa ka a ido ba.”

Mudassir ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya juya ƙeya ya ci gaba da magana da wani farfesa. Zubairu ya sake kira, ya kuma sakewa, sau uku cur. Da wani dattijo ya taɓa Mudassir ya ce yayanka na magana, sai ya gyara zaman babbar riga ya ce, “Ni ban ji ba. Kunnena ba ya jin irin wannan kiran.” Zubairu ya kwance geron ya ajiye masa a gindin mota, ya tayar da babur ya tafi.

Maimakon kunya ta kama shi, sai Mudassir ya koma cikin zaure ya durƙusa ya ce, “Allah gafarta Malam, ya kamata a yi wa jama'a wa'azi a kan ladabin kiran mutane. Mutum ya kai inda ya kai, a riƙa kiransa kamar ɗan aike?”

Malam, Allah Ya ja kwanansa, ya rufe littafin da ke gabansa a hankali, ya ce, “Gaskiyarka, Injiniya, girmama mutane da laƙabinsu ladabi ne. Amma na ji ka ce kunnenka ba ya jin wancan kiran.”

“Ba ya ji sam, Allah gafarta.”

“To, ba na so a rubuta maka ƙarya a ƙofar zaurena. Allah Ya sa abin da ka faɗa ya zama gaskiya.”

Mudassir ya ɗauka an goya masa baya ne, ya shafa fuska ya ce amin da ƙarfi, har sau biyu.

Da ya isa gida, matarsa Hajiya Bilkisu ta tare shi a tsakar gida, ya ga bakinta yana motsi, amma ba abin da ya shiga kunnensa. Ga kukan kaji yana ji, ga rediyon maƙwabta, ga kiran sallar magariba raɗau, amma maganar da ake yi masa ko ɗis. Ya ce, “Wai raɗa kike yi mini?” Ta ɗaga murya har jijiyar wuyanta ta fito, a banza. Gida ya rikice, ana shirin kai shi asibiti, sai 'yarsa Sumayya ta ɗauki katin nan da ya faɗo daga aljihunsa, ta karanta shi a fili tana hawaye, ta ƙare da cewa, “wayyo Baba, me ya same ka?” Ai kuwa sai ya ji ta tangaran. Aka gwada aka sake gwadawa, abin dai ɗaya ne. In an jero laƙabin duka a jere, ya ji magana guda. In an tsallake ɗaya ko an sauya musu wuri, ko an ɗora magana ta biyu ba a sake jerowa ba, shiru kake ji.

Subhanallah! Ku ji halin ɗan Adam. Kwana biyun farko daɗi ya ji. Ya ce ai ga shi Allah da kansa Ya tsaya masa. Wadda ta sha wuya ita ce Hajiya Bilkisu, wadda shekara ashirin da aure ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, Baban Sumayya take cewa. Yanzu kafin ta ce ga tuwo, sai ta rufe fuska da mayafi ta jero Ambasada har Garkuwan Matasa, da sunan surukinta marigayi a tsakiya. Kafin ta kai ƙarshe miya ta huce. A kwana na uku ta daina, in abinci ya sauka sai ta buga murfin tukunya. Likitan kunne a Kano ya leƙa, ya haska, ya hura, sannan ya karɓi katin ya karanta domin ya samu damar gaya masa cewa kunnensa lafiya lau yake.

Ranar Juma'a ya shiga Kara, kasuwar shanun nan tamu, zai zaɓi sa don walimar wani abokinsa. Yana tsaye cikin farar shadda yana duba waya, sai wani bajimi ya tsinke igiya ya yo kansa ta baya. Kasuwa duk ta ɗauka, “Kauce! Alhaji kauce! Mai farar riga!” Ina, bai san ana yi ba. Tasi'u dillali, wanda ya san lalurarsa, ya kafa hannu a baki ya fara kwararawa, “Ambasada! Alhaji! Injiniya!” Tasi'u ya rantse mini cewa bai taɓa yin magana da sauri irin ta ranar ba, amma yana kan Dakta bajimin ya riga ya ɗaga mutumin ya ajiye shi cikin kashin shanu. Allah Ya tsare, ƙaho bai huda shi ba, sai hula da ta yi nata wuri. Tasi'u kuma, don kada wahalarsa ta tafi a banza, ya ƙarasa jerin a kansa, sannan ya ce, “dama cewa zan yi ka kauce.”

Duk wannan bai sa ya koma wurin Malam ba, girman kai ya hana. Abin da ya karya shi ya zo ne ranar Lahadi da hantsi. Zubairu ya shigo gidan, idonsa jawur, ya tsaya gaban ƙaninsa kamar mai biya allo. Labarin lalurar ya riga ya iske shi, shi ya sa tun daga Darki yake maimaita jerin a kan babur don kada ya kuɓuce masa. Ya yi tuntuɓe sau biyu, a na uku ya kawo su daidai, ya ce, “Inna ba lafiya, jikin ya yi tsanani, kai take ta kira.”

Suka isa suka tarar da Inna Kande a kwance a kan tabarma, ta rame ta zama kamar kara. Tana ganin autanta ta kamo hannunsa ta riƙe, ta shiga magana, doguwar magana, tana yi tana hutawa, wani wurin ta yi murmushi, wani wurin hawaye ya gangaro. Mudassir yana jin akuya a bayan ɗaki, yana jin daka a maƙwabta, amma muryar da ta yi masa tawai tun yana goye, ko harafi ɗaya. Zubairu ya sunkuya yana koya mata jerin laƙabin, ta fara Ambasada ta kai Amba, ta tsaya, ta kore shi da hannu. Dole Zubairu ya zama tafinta. Ya jero laƙabi kaf ya ce, “ta ce ta yafe maka.” Ya sake jerowa ya ce, “ta ce ka riƙe zumunci.” A nan Mudassir ya fashe da kuka kamar yaro, domin ya gane cewa in Inna ta cika a haka, yafiyar uwarsa ma a bakin wani zai ji ta.

Bai tsaya azahar ba ya juyo Wudil. Ya cire takalmi tun daga bakin titi, ya shiga zaure ya zube a gaban Malam. Malam, Allah Ya ƙara masa daraja, ya dube shi da tausayi, ya kira shi da laƙabinsa duka, a jere, ba kuskure ba kuma alamar ba'a, ya ce, “mu na waje haƙƙinka ne a kanmu mu kira ka da waɗannan, amma wadda ta goya ka ta riga su saninka.”

Ya sake jero su, domin ya san magana guda ake ji, ya ce, “koma ka zauna a ƙasa kusa da ita, duk sanda bakinta ya motsa ka ce na'am.”

Mudassir ya ce, “Allah gafarta Malam, ko ban ji ba?”

Malam ya jero su karo na uku, bai gaji ba, ya ce, “an kira ka kana ji ka ƙi amsawa, yanzu sai ka amsa ba ka ji ba.”

Kafin la'asar yana Darki. Ya tuɓe babbar riga, ya zauna dirshan a ƙasa, ya kafa wa bakin Inna ido. Bakin ya motsa, ya ce, “Na'am, Inna!” Ashe tari ne ya taso mata. Ya sake motsawa, ya ce, “Na'am, Inna!” Ashe kaza take kora daga bakin ƙofa. Matan da suka zo dubiya suka sunkuyar da kai suna danne dariya, shi kuwa ko a jikinsa. Karo na uku ta juyo ta dube shi sosai, leɓenta suka buɗe, ya ce na'am da dukan zuciyarsa, sai ga murya siririya, mai rawa, ta shigo kunnensa tamkar ba ta taɓa fita ba.

“Ɗan'auta, wai lafiyarka kuwa? Sai na'am kake yi mini kamar sabuwar amarya. Dubi yadda ka rame. Matso in ga wuyanka.”

Ya matsa. Mutum mai furfura a gemu ya kwantar da kansa a gefen tabarmar, ya ce, “Inna, sake faɗa.”

“In sake faɗin me?”

“Sunan.”

Ta ce, “Ikon Allah, Zubairu, yaron nan karatu ya taɓa shi.” Amma ta sake faɗa, ta kuma yafe masa da bakinta, ya ji da kunnensa. Allah cikin ikonsa Ya ba ta sauƙi, ta ƙara damina biyu a duniya tana aikensa sayen goro gaban ko wane ne.

Mu da muka ga wannan da idonmu mun shaida cewa Allah Yana da bayi waɗanda in sun ɗaga hannu ba Ya mayar da shi wofi, kuma shehinmu yana cikinsu, duk da cewa da aka kawo masa labarin, sai ya ce albarkar uwa ce, shi ba ruwansa, a buɗe littafi a ci gaba. Ya Allah, don girman zatinKa, Ka ƙara masa lafiya da nisan kwana, Ka jiƙan Inna Kande, Ka ba mu ladabin girmama mutane da abin da suka cancanta, Ka kuma ba mu kunnen jin iyayenmu tun suna da bakin kiranmu. Amin, ya Rabbal alamina.