Tebur Biyar, Ciki Ɗaya

An yi wani mutum a cikin jama'ar masallacin nan. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma kada kowa ya waiga yana neman wanda bai zo ba yau. Manaja ne a wani kamfanin sayar da kayan asibiti. Yana da mata da 'ya'ya biyu da tsohuwar uwa. Ba ya shan giya, ba ya caca, azumi bai taɓa wuce shi ba. Da za a ce a lissafa mutanen kirki a unguwar nan, da shi za a fara.

Ya 'yan uwa, kun san wurin shaƙatawar nan na bakin teku, inda yaranku ke damun ku sai kun kai su duk hutu. Kun san a duk girmansa, da otal-otal ɗinsa da lilunansa, gidan abinci ɗaya ne tak na halal, na Hajiya Bai, mai tebur goma sha huɗu. Kun kuma san yadda ake samun wuri. Saura kwana goma ake buɗe kamun tebur a waya, ƙarfe tara na safe, kafin minti biyu an kwashe.

Mutumin nan yana da saurin yatsa. Sai ya kama tebur na sha ɗaya da rabi da sunansa. Ya kama na sha biyu da sunan matarsa. Ya kama na sha biyu da rabi da sunan uwarsa, tsohuwar da ba ta ma iya buɗe waya ba. Ya kama na ƙarfe ɗaya, ya kama na ɗaya da rabi. Don me? Don bai san lokacin da layin hawa lilo zai ƙare ba, kuma shi ba ya son jira. Duk sanda yunwa ta taɓa shi, yana so ya tarar da kujera tana jiransa.

Ɗaya zai zauna a kai. Huɗun kuma ba ya sokewa. Danna yatsa sau biyu ne a soke, amma ko wannan ya yi masa nauyi. Ƙa'idar gidan kuwa, a riƙe wa mai tebur wurinsa rabin awa. Sai tebur ya zauna fanko, an jera kofuna da sandunan cin abinci, mutane na tsaye a waje suna kallo ta gilashi.

Matarsa, Hai Yulan, ta yi masa magana ba sau ɗaya ba. Ta ce, "Baban Lele, ciki nawa gare mu? Ka saki sauran mana, wasu su samu."

Ya ce, "Ina aka rubuta an hana? Nuna mini. Kowa da wayarsa, kowa da yatsunsa. Wanda ya yi barci ƙarfe tara, ni na sa shi?"

Ta ce, "Ba kowa ne ke zaune a ofis ƙarfe tara ba."

Ya ce, "Ke dai ki ci taliyarki tun da zafi."

Bai tsaya nan ba. Ya riƙa koya wa abokai dabarar, yana dariya, yana kiran masu kama tebur ɗaya ƙauyawa.

To, a hutun mako na watan Oktoba, shekara biyu ke nan, wani abu ya faru. Matarsa ce ta ba ni labarin da bakinta.

Wani direban bas, Mu Dehai, ya ɗauko ubansa daga Wuzhong. Kwana guda da yini suka yi a jirgin ƙasa. Tsohon yana kan keken guragu, ciwon sukari ya cinye masa ƙafa ɗaya. Bai taɓa ganin teku ba, kuma ya ce yana so ya ga jikokinsa a kan lilon dokin nan mai juyawa kafin idonsa ya ƙarasa mutuwa. Direban ya gwada kama tebur, amma ƙarfe tara na safe yana bisa titi da fasinjoji hamsin a bayansa. Da ya tsaya ya duba, ba saura.

Suka zo ƙofar Hajiya Bai ana yayyafi. An yi wa tsohon allurarsa ta ciwon sukari, dole ya ci abinci a kan lokaci, kuma shi tun da aka haife shi bai taɓa kai abin da bai amince da shi ba bakinsa. Ma'aikaciya ta ce a cike suke. Direban ya nuna mata tebur biyu babu kowa. Ta ce masu su suna hanya.

Masu su suna hanya! Mai su ga shi nan tafe, mutumin nan ne, ya fito daga lilo yana share fuska, zai zauna a na ukun da ya kama.

Direban ya ga farar hula a kansa, ya gane Musulmi ne, sai ya yi masa sallama. Ya ce, "Yaya, don Allah. Na ga ku huɗu ne, teburinku na mutum shida. Babana kawai. A tura kekensa gefe, ya sha romo ya fito. Mu za mu tsaya a waje."

Me zai rage shi da shi? Ko kujera ba a nema ba, tsohon da kujerarsa ya zo. Kuma a cikin wayar da ke hannunsa akwai tebur biyu da bai taɓa ba. Da ya ce "ga ɗaya" kawai, da shi ke nan.

Ya dubi direban sama da ƙasa, ya ce, "Ɗan'uwa, nan ba gidan biki ba ne a ƙauye. Tsari ake bi. Ka koyi amfani da waya."

Ya shige. Aka kawo musu dafaffen naman rago da taliya da shayi mai dabino. Ta gilashi matarsa tana kallon direban ya tsuguna a ƙarƙashin rumfar sayar da lema, yana jiƙa busasshiyar gurasa da ruwan gora yana ba ubansa a baki. Tsohon gumi yake yi a cikin sanyi, haɓarsa na karkarwa. Ta ɗauki kwanonta ta miƙe za ta kai masa. Mijin ya riƙe mata hannu ya ce, "Zauna. Kada ki ba ni kunya a gaban mutane."

Ta zauna. Ta ce mini har yau ba ta yafe wa kanta zaman nan ba. Kafin a kwashe kwanuka, ma'aikatan agaji sun zo sun tura tsohon zuwa ɗakin jinya. Ba ta san abin da ya same shi daga baya ba. Ni ma ban sani ba.

Ya 'yan uwa, ina tambayar ku. Wanda ya tsare bakin rijiya ba ya sha, ba ya bari a sha, me sunansa? Don rijiyar tana cikin waya sai sunan ya canja? Don ba ka ga fuskar wanda ka hana ba, sai ya zama ba ka hana kowa ba? To, wannan ya gani. Ido da ido ya gani, kuma ya cinye abincinsa tas.

Daga nan gidan abincin ya fara toshe sunan duk wanda ya kama wuri sau uku bai zo ba. Aka toshe nasa. Aka toshe na matarsa. Aka toshe na tsohuwar uwarsa, wadda ko ƙofar wurin ba ta taɓa takawa ba. Mai hankali da nan ya tsaya. Shi kuwa sai ya buɗe fayil ɗin ma'aikatan da ke ƙarƙashinsa a ofis. Amana ce aka ba shi: lambobin katin shaidarsu, da lambobin wayarsu. Ya riƙa kama tebur da sunayensu. Idan saƙon tabbatarwa ya shiga wayar ɗayansu, sai ya leƙo ya ce, "Karanto mini lambar nan, aikin kamfani ne." Wa zai ce wa manaja a'a?

A cikinsu akwai Ding Shumei, shekararta uku a ofishin. Ta yi wata takwas tana shirin kawo iyayenta a hutun sabuwar shekara. Ta tashi da wuri, ta riƙe waya tun tara saura, ta danna a kan lokaci. Aka rubuto mata cewa an toshe sunanta, wai sau uku tana kama tebur ba ta zuwa. Ita da ba ta taɓa shiga wurin ba! Ta je ta same shi.

Ya yi dariya ya ce, "Haba Shumei, a kan kwanon taliya? Kai su wani wuri mana. Garin nan abinci ya ƙare ne?"

Ta koma kujerarta, ta tara duk saƙonnin da suka taɓa shigo mata, ta bi abokan aikinta ɗaya bayan ɗaya suka ba ta nasu. Ta aika kwafi ɗaya gidan Hajiya Bai. Ɗaya ta riƙe.

Ana haka kamfanin ya yi manyan baƙi, Musulmi daga Indunusiya, shugabannin wani asibiti da aka yi shekara ana lallashi. Sun zo da iyalansu. Shugaban kamfani, Kong, ba Musulmi ba ne, sai ya kira mutumin nan ya ce, "Kai ka san abincinku. Za mu kai su bakin teku ranar Asabar. Kada a samu kuskure."

Ya bugi ƙirji ya ce, "Shugaba, kwantar da hankalinka. Wurin nan kamar ɗakin girkina ne."

Ya kama tebur shida da sunaye shida.

Ranar Asabar suka iso ƙofa su goma sha ɗaya, har da wata dattijuwa mai sanda da yara sun gaji suna ƙananan kuka. Ya miƙa waya da isa. Ma'aikaciya ta duba ta ce an soke. Ya ba da suna na biyu. An soke. Na uku. An soke. Ya fara ɗaga murya, yana dukan kantar karɓar baƙi, yana cewa a kira masa mai gidan.

Hajiya Bai ta fito daga kicin tana goge hannu a jikin rigar girki. Shekara saba'in ba biyu, gajeriya, ko kafaɗarsa ba ta kai ba. Ta dube shi ta ce, "Au, kai ne? Yau wace ce kai? Ding Shumei? Ko tsohuwar nan mai shekara tamanin da ba ta taɓa zuwa ba? Shekara biyu ina dafa nama ina zubarwa saboda kai. Ina korar masu yunwa daga ƙofata, tebur na kallona. Ka sa hula ka zo kana dukan kantata?"

Ya ce, "Hajiya, rufa mini asiri, baƙi ne daga ƙasar waje."

Ta ce, "Baƙi kam ba su yi mini komai ba." Ta juya ta yi musu sallama, ta sa aka shimfiɗa musu a ɗakin da ma'aikatanta ke cin abinci, da su da Shugaba Kong. Sannan ta ce masa, "Kai kuwa wuri ya cika."

Ya tsaya a waje awa ɗaya da rabi. Tafinta na ciki yana fassara wa baƙi abin da aka faɗa, kalma bayan kalma. Mutanen da ke layi kuwa sun ɗauki bidiyo a waya tun daga dukan kantar. Kafin la'asar rabin garin nan ya gani. Wasunku kun gani, har kun tura wa wasu, kuma wannan ma sai mun yi maganarsa wata rana.

Litinin da safe Ding Shumei ta ajiye ɗaya kwafin a gaban Shugaba Kong, da sa hannun mutum bakwai. Ba a kore shi don tebur ba. An kore shi don ya saci sunayen mutanen da aka ba shi riƙo. Babban baƙon ma ya faɗa, ta bakin tafinta, cewa wanda zai yi ƙarya a kan kujera ba za su sayi injin numfashi a hannunsa ba. Sana'ar kayan asibiti kuwa kowa ya san kowa. Ya buga ƙofofi tara, ba wanda ya buɗe.

Uwarsa ta daina zuwa karatun mata, don kunya. Matarsa ta kwashi yara ta tafi gidan iyayenta a Linxia. Ta ce ba don aikin ba ne. Ta ce ranar da aka kore shi ya dawo gida yana zagin Hajiya Bai, yana zagin Shumei, yana zagin masu ɗaukar hoto, bai ambaci kansa ko sau ɗaya ba.

Kuna jira in ce ya tuba ko? Ni ma haka na so.

Watan jiya ya kira ni. Murya ta yi laushi. Ya ce, "Liman, ina so in zo mu zauna. Ina neman takardar shaidar hali daga masallaci, wani wuri sun nema. Kuma ina so ka yi mini nasiha." Na yi murna, wallahi. Ya ce zai zo Alhamis bayan la'asar, na amince. A ranar kuwa na yi niyyar zuwa asibiti duba Baba Na, ladaninmu na da. Na ɗaga zuwa Juma'a. Na dafa shayi, na ajiye kofi biyu, na zauna.

Na jira har aka kira magariba. Bai zo ba, bai kira ba.

Bayan kwana uku na haɗu da limamin masallacin gabas. Ya ce shi ma ya jira shi Alhamis bayan la'asar. Ashe mu limamai uku ya kama a lokaci ɗaya, ya tafi wurin wanda ya ga zai fi saurin sa hannu.

Baba Na kuwa ya rasu ranar Juma'a da hantsi, ina cikin mota a kan hanyar asibiti. Shekara talatin yana kiran salla a kan hasumiyar nan, ban samu na riƙe hannunsa ba.

Shi ya sa kuka ji muryata haka yau, ya 'yan uwa. Kada wani ya sake zuwa ya ce mini ƙaramin abu ne. Idan ka ce "zan zo", ka ɗauki alkawari, ko ga mutum ka faɗa ko ga waya. A bayan kowace kujerar da ka riƙe ba ka buƙata akwai wani a tsaye. A bayan kowace sa'ar da ka sa aka jira ka akwai wani wurin da ba a je ba. Ba ka san mutumin ba, amma an san shi, kuma za a tsayar da ku wuri ɗaya a tambaye ka. Ran nan ba za ka ce ba a rubuta an hana ba.

Ku ciro wayoyinku idan an sallame. Ku duba. Layin likita, kujerar jirgi, tebur, duk abin da kuka riƙe biyu alhali ɗaya kuke buƙata, ku saki tun kafin ku sa takalmi.

Allah ka jiƙan Baba Na. Ka ba tsohon nan na Wuzhong lafiya idan yana raye, ka yi masa rahama idan ya riga mu. Ka shiryi mutumin nan tun yana da sauran numfashi. Allah ya kiyaye mu da cin haƙƙin wanda ba mu gani ba, ya kiyaye mu da zuciyar da ke ƙoshi alhali wani na tsaye a ƙofa. Amin.