Bel Ɗin Japan a Gidan Tuwon Ƙuba

Akwai wani mutum a birnin Madina mai suna Abdussamad Ashafa. Haifaffen unguwar Ƙuba ne, kakanninsa ne suka zo aikin Hajji daga ƙasar Katsina suka zauna. Makanike ne a matatar mai ta Yanbu, kuma a kan inji ba a ja da shi. Aibinsa ɗaya, gajen haƙuri. Duk abin da ke tafiya a hankali haushi yake ba shi.

Mahaifinsa ya rasu ya bar musu ɗan gidan abinci kusa da masallacin Ƙuba, inda ake sayar da tuwo da miyar kuka, da shinkafa da wake. Mai kai wa mutane abinci wani dattijo ne ɗan Damagaram, Baba Haladu, wanda ya shekara ashirin da biyu a wurin. Iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, a kan sunan gidan take. Burinsa ɗaya a duniya, ya mutu a Madina a binne shi a nan.

Baba Haladu ba ya sauri. Kafin ya ajiye maka tire sai ya tambayi iyali, ya tambayi ƙafar da ke ciwo, ya tambayi labarin gida. Duk ranar da Abdussamad ya zo hutu daga Yanbu ya ga haka, sai ransa ya ɓaci.

A shekarar 1982 wurin aikinsu ya tura shi kwas na wata uku a Japan. Wata rana da tsakar rana wani injiniya ɗan ƙasar ya kai shi cin abinci. Da shigarsu Abdussamad ya tsaya cak. Mutane ne zaune a jere gaban wani dogon teburi mai zagaye, a tsakiyarsa wani bel da inji ke ja yana tafiya a hankali, ɗauke da ƙananan faranti. Kowane faranti curin shinkafa biyu ne, an ɗora musu yankan kifi. Babu mai zuwa ya tambaye ka me kake so. Wanda ya yi maka, ka miƙa hannu ka ɗauka.

Abokin ya ce sunan abincin sushi, kuma kifin ɗanye ne. Abdussamad ya sake tambaya har sau biyu, aka tabbatar masa kifi ne da shinkafa, babu wani abin haram.

Ya yi fama da 'yan sandunan da suke ci da su, curin ya suɓuce ya faɗa masa a cinya. Ya ajiye su ya sa hannu. Lomar farko, wani koren yaji da ke ɓoye ƙarƙashin kifin ya hau masa hanci har ƙwaƙwalwa, hawaye suka zubo. Ya hango wani faranti mai ƙwai yana zuwa, kafin ya gama goge ido ya wuce, wani can gaba ya ɗauke. Sai da ya jira zagaye guda. Haka ya tashi da yunwarsa.

Amma bel ɗin ya tafi da hankalinsa. Sai da ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin teburin ya ga injin da ke jan sa. Mutum arba'in suka ci suka tashi a gabansa, babu gaisuwa, babu jira. Ya ce a ransa, mu muna can muna tambayar ciwon ƙafa, duniya ta yi gaba.

Da ya dawo Madina ya ɗauki hutu, ya rufe gidan abincin, ya kwashe tabarmi da manyan tire. Da hannunsa ya haɗa bel, ya yi masa teburi da kujeru a jere, ya sayo ƙananan faranti.

Mahaifiyarsa, Hajiya Iyatu, ta tambaye shi ina za a sa Haladu. Ya ba ta amsa da Larabci, kamar yadda ya saba in yana son a gajarta magana, cewa inji ba ya buƙatar ɗan aike. Ta ce masa mutumin nan ya goya shi yana ƙarami, kuma in aka sake shi zamansa a ƙasar ya ƙare. Ya ce ai shi ba gidan marayu ya buɗe ba.

Ya kira dattijon ya gaya masa. Baba Haladu ya ce, "Ya waladi, ɗana, in tafiyata ce ta yi nauyi, ka bar ni ko wanke-wanke ne."

"Halas, shi ke nan, Baba, na riga na yanke. Ka nemi wani kafili da zai riƙe maka iƙama kafin wata ya ƙare, zan sa maka hannu."

Tsohon ya naɗe tabarmar sallarsa ya fita.

Aka buɗe ranar Asabar, ranar da masu ziyara ke cika Ƙuba. Bayan azahar mutane suka shigo, wasu don yunwa, wasu don kallo. Abdussamad ya danna maɓalli, faranti suka fara zagaye.

Tun a kwanar farko ta teburin miya ta fara tsiyaya a kan bel. Wasu mahajjata biyar 'yan Sakkwato, waɗanda suka zo su ci a tire ɗaya, suka tsinci kansu a jere kamar masu layin fasfo, kowa yana kallon bango. Ɗayansu ya ɗauki farantin tuwo, ya juya shi, ya tambaya ko wannan na ɗanɗanawa ne.

Wani tsoho mai raunin gani, wanda ya shekara goma yana cin abinci a wurin, ya yi ta lalube. Duk sa'ad da ya miƙa hannu farantin ya wuce. A karo na huɗu ya kife miya a rigarsa. Ya tashi yana tambaya, ina Haladu? Ya ce shi ba kaza ba ne da za a watsa masa tsaba ya yi ta bi, ya lalubi sandarsa ya fita.

Abdussamad ya rage gudun bel, tuwo ya huce, miya ta yi fata. Ya ƙara gudu, faranti suka fara karo. Can hannun babbar rigar wani alhaji ya maƙale a gefen bel, injin ya yi ƙara ya tsaya, wuta ta ɗauke. Abdussamad yana kwance ƙarƙashin teburi da sifana, miya na ɗiga masa a fuska, yana jin takun mutane suna ficewa ɗaya bayan ɗaya.

Bai haƙura ba. Ya ce mutane ne ba su waye ba. Ya canza injin, ya sa wa faranti murfi, ya rubuta bayani da Larabci da Hausa ya manna a bango. Sati biyar yana wannan fama. Wasu ranakun faranti su wuni suna zagaye a gaban kujerun da babu kowa, da yamma a juye abincin a raba sadaka. Hutunsa ya ƙare, ya ƙara wani.

Wata rana ya tare wani lebura da ya san yana zuwa tun zamanin mahaifinsa, ya tambaye shi ina masu zuwa cin abinci suka koma. Mutumin ya ce unguwar Bani Harisa, shagon wani Malam Sabo, can Baba Haladu yake yanzu. Abdussamad ya ce, duk nisan nan, a kan tuwo?

"Ba tuwon ba ne," in ji leburan. "Wuni nake ana ce min kai, zo, ɗauki. Baba Haladu kaɗai ke kiran sunana a garin nan."

Kwana uku maganar tana cin sa. A na huɗu ya hau mota ya nufi Bani Harisa. Shagon bai kai rabin nasu ba, amma har waje mutane. Ya hango tsohon nan mai raunin gani a zaune, Baba Haladu ya kama hannunsa yana ɗora masa a bakin kwano.

Abdussamad ya durƙusa ya gaishe shi, wannan karon da Hausa. Ya ce ya yi kuskure, ya roƙe shi gafara, ya ce ya dawo, duk abin da yake so za a yi.

Baba Haladu ya ɗaga shi ya ce ya yafe tun ranar da ya fita, don albarkacin mahaifinsa. Amma komawa kam, a'a.

"Saura kwana shida a fitar da ni daga garin Manzo, Sabo ya karɓi takardata, alhali bai san ni ba. Wanda ya riƙe ni ranar da aka sake ni, ba zan sake shi ranar da aka neme ni ba."

Dattijon ya zaunar da shi, ya kawo masa tuwo, ya tambayi jikin Hajiya. Abdussamad ya ci yana sunkuye da kai.

A satin nan ya kwance bel ɗin, ya sayar wa wani mai lambun dabino. Ya mayar da tabarmi da manyan tire. Ya ɗauki ma'aikata, ya canza, ya sake ɗauka. Wasu tsofaffin masu zuwa sun dawo, da yawa ba su dawo ba. Bayan shekara biyu aka rufe wurin, shi kuma ya koma Yanbu.

Baba Haladu ya rasu bayan shekara bakwai, a Madina, kamar yadda ya roƙa. Abdussamad na cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Darasi: Ba duk abin da ka gani a gidan wasu ne zai zauna a gidanka ba, kuma mai tafiya a hankali ba lallai ne ɓata lokaci yake ba. Kada sabon abu ya sa ka wulaƙanta wanda ya riƙe maka gida, domin ranar da ka gane darajarsa mai yiwuwa wani ya riga ka. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai mai shirin sallamar nasa Baba Haladun.