Goshi da Maraya Mai Fatar Aro

An yi wata saniya a rugar wani makiyayi mai suna Jauro Ja'e, can a gefen wata fadama. Sunanta Goshi. Fara ce sol, ga tozo, ga ƙahonni dogaye, ga hantsa. In Dudu matar Jauro ta tsuguna tatsarta, ƙwarya kan cika har ta yi kumfa tun hannu bai gaji ba. Saboda haka ita ake fara ba dusa, ita ake fara ba kanwa. Gatan nan ya hau mata kai, har ta zama ba ta amsa gaisuwar kowa sai da hanci.

A garken akwai wata tsohuwar saniya da ake kira Guntuwa, don ƙahonta ɗaya ya karye tun tana karsana. Haƙuri gare ta kamar ƙasa. Akwai kuma Carki, tsuntsun nan mai jan baki da ke bin bayan shanu yana cire musu kaska. Shi kuwa ba ya iya ganin abu ya yi shiru, ko da maganar za ta jawo masa bulalar wutsiya.

Da damina ta zauna, Goshi ta haifi ɗan maraƙi fari irinta. Sai dai bai yi kwana ba. Zawo ya kama shi, kafin a haɗa masa jiƙo ya miƙe ƙafa. Jauro ya ja gawar zuwa bayan bukkoki. Goshi ta tsaya a wurin da ɗanta ya kwanta tana kuka, ta ƙi ci, ta ƙi sha, ta ɗauke nononta. Dudu ta matsa ta matsa, ko ɗigo.

A makon nan kuma wata ramammiyar baƙar saniya ta kafe a lakar mashaya, ba a ciro ta da rai ba. Ta bar jariri baƙi wuluk, Dudu ta sa masa suna Talle. Da yatsa take ɗiga masa madara a baki, amma kullum sai ƙara zubewa yake.

Wata rana da hantsi Goshi na tsaye kanta a ƙasa, sai ta ji wani ƙamshi da ta sani. Ta ɗaga kai. Ga Jauro tafe, yana turo wani ɗan maraƙi fari, maraƙin na tangaɗi.

Goshi ta ja da baya har ta take igiyar da ake ɗaure maruƙa.

"Wannan ai ɗana ne," ta ce da ƙyar. "Da idona na ga an ja shi. Yaya aka yi yake tafiya?"

Ta miƙa hanci ta shinshina bayansa. Shi ne, babu shakka. Ta kai harshe ta lasa, ta ji gishiri-gishiri, ta ƙara lasa. Nan take hantsarta ta saki. Maraƙin ya cusa kai ya kama sha kamar zai haɗiye ta.

Abin da Goshi ba ta sani ba, dabara ce irin ta makiyaya. Jauro ya feɗe fatar ɗanta, ya lulluɓa wa Talle, ya ɗaure ta ƙarƙashin ciki, ya barbaɗa gishiri a kai. So yake ta karɓi maraya, shi ya rayu, ita ma nononta kada ya ƙafe.

Da ta gode wa Allah ta yi shiru, da magana ta ƙare a nan. Amma Goshi ba ta iya samun abu ba ta yi tutiya da shi ba.

A wurin kiwo ta shiga tsakiyar shanu tana taku ɗai-ɗai. "Kun dai gani," in ji ta. "'Ya'yanku in sun mutu sun mutu ke nan. Nawa kuwa, mutuwa ma kunyar jininmu take ji. Ta ɗauka, ta ga ba sa'anta ba ne, ta dawo da shi."

Karsanai suka dubi juna suka sunkuyar da kai. Carki da ke bisa tozonta ya leƙo.

"Uwar ɗakina, kin duba ƙafafun yaron nan kuwa?"

"Laka ce ya taka."

"Lakar har kunnuwa?"

"Carki, kaskar da ka sha ce ta bugar da kai. Sauka mini daga baya."

Guntuwa ta matso a hankali. "Goshi, ko ma yaya ne, yaro yana sha, ke ma jikinki ya yi sauƙi. Ki bar zancen haka nan."

"Gwaggo, da mai ƙaho biyu nake magana," in ji Goshi, ta wuce.

Fata kuwa ba ta zama ɗanya har abada. Rana ta busar da ita, ta ƙanƙance, igiyar ta yi sako-sako. Wata yamma garke ya dawo ruga, aka saki maruƙa, kowa ya ruga wurin uwarsa. Talle ya taho da gudu yana tsalle, ya bi ta jikin shingen ƙaya. Ƙaya ta kama fatar. Ya fizga, ya wuce, ya bar ta rataye.

Sai ga baƙin maraƙi tsaye a gaban Goshi, yana kaɗa wutsiya yana cewa, "Inna, yunwa nake ji."

Masu tuƙa suka daina tuƙa.

Goshi ta dubi maraƙin. Ta dubi shinge, inda farar fatar ɗanta take lilo, babu kai babu ƙafa. Ta sake duban maraƙin. Can wata karsana ta kasa riƙe dariya, ta fashe, sauran suka kama.

"Kai wane ne?" in ji Goshi.

"Ni ne, Inna."

"Wa ka kira Inna?"

Talle bai gane ba. Ya sunkuya zai kama nono kamar kullum. Goshi ta ɗaga ƙafa ta harbe shi a haƙarƙari, ya yi sama ya faɗi cikin kashin shanu. Ya tashi yana kallonta, ya ma kasa kuka.

"Ɗan baƙar nan ne da ta mutu a laka," in ji Carki daga kan shinge. "Na so in gaya miki, kika ce na bugu."

"Wato ɗan wannan ƙazamar nake ta lasa? Shi nake ba nonon da ɗana ya bari?"

"Shi ne dai wanda kika kwana kina lasa jiya," in ji Guntuwa. "Bai canza ba, riga kawai ya tuɓe. Kuma ba shi ya ɗaura wa kansa ba. Ɗa na kowa ne, Goshi."

"To ki ɗauka, tunda na kowa ne. Ni dai na rantse, ko hantsata za ta fashe, ɗigo ɗaya ba zai ƙara shiga bakinsa ba."

Daga ranar ta kulle nononta. Jauro ya yi mata dabaibayi ya kawo Talle, ta juyo da ƙaho. Ya shafa wa yaron gishiri da kanwa, ta kau da kai. Dudu ta lallaɓa da ƙwarya tana mata kirari, Goshi ta sa ƙafa ta fasa ƙwaryar. Talle ya koma shan yatsa, ƙasusuwansa suka fara fitowa.

Jauro ya ce saura dabara ɗaya. Ya ɗaure Talle kusa da Goshi, ya kira karensa ya zuga shi. Ya san ko saniyar da ta ƙi ɗa, in ta ga kare zai taɓa shi, tausayin uwa kan motsa mata.

Kare ya taho yana haushi. Talle ya ja igiya ya maƙale a gefen Goshi. "Inna, ga shi nan. Inna."

Goshi ba ta san lokacin da ta sunkuyar da ƙaho ba, ƙafarta ta gaba har ta tashi. Nono ya fara ɗiga daga hantsarta da kansa. Saura ƙiris.

Sai ta ɗaga ido ta hangi karsanan nan da suka yi mata dariya, sun jeru suna kallo. Ta mayar da ƙafarta ƙasa. Ta juya wa Talle baya, ta kama tuƙa.

Kare kuwa wasa ya yi masa daɗi, ya wuce inda aka aike shi. Ya dira kan Talle ya cafke masa kunne. Jauro ya daka tsawa yana neman sanda, amma kafin ya kai, wani abu ya wuce shi kamar iska. Guntuwa ce. Tsohuwar da ko a hanyar mashaya ita ce ta ƙarshe, yau ta keta shinge, ta sa ƙahonta ɗaya tilo ta ɗaga kare ta watsar. Ya tashi yana ɗingishi, bai tsaya ba sai bayan bukkoki.

Jauro ya tsaya riƙe da baki. Dudu ta saki muciyar da ke hannunta. Guntuwa ta tsaya a kan Talle tana huci, sannan ta sunkuya ta lashe jinin kunnensa.

"Zo, ɗana," ta ce. "Abin da ke gare ni kaɗan ne, ban daɗe da yaye ba. Amma ka gwada."

Talle ya kama. Da farko ɗan tsirit ne ya fito. Da Jauro ya ga haka, sai ya ɗauki kwanon dusa daga gaban Goshi ya ajiye a gaban Guntuwa, ya ƙara mata harawa da kanwa. Yaro na ja, tsohuwa na ci, nono na ƙaruwa. Ba a jima ba Talle ya fara tsalle, gashinsa ya kama sheƙi.

Goshi kuwa nonon da ta hana shi ya zame mata ciwo. Hantsarta ta kumbura, ta yi tauri kamar dutse, ta yi zafi har ƙuda ba ya iya sauka. Zazzaɓi ya rufe ta. Tafiya ma sai ta wara ƙafafu. Dudu ta zo da ruwan ɗumi za ta gasa mata, Goshi ta harbe ta don zafi.

"Uwar ɗakina," in ji Carki, "maganinki na can yana wasa da wutsiyarsa. Da kin bar shi yana sha, da ba a kai nan ba."

"Rufe mini baki."

"Na rufe. Hantsar ce ba za ta yi shiru ba."

Ta daure har dauriya ta ƙare. Wata safiya, da garke ya yi gaba, ta ja jiki zuwa inda aka ɗaure maruƙa. Ta waiga ta tabbata babu mai kallo.

"Talle," ta ce ƙasa-ƙasa. "Zo ka sha."

Talle ya noƙe, ya ɓoye kunnensa mai tabo. Amma yaro ba ya riƙo. Ya matso a tsorace, ya kama, ya ja sau ɗaya. Sai ya saki da sauri yana tofarwa yana girgiza kai.

Goshi ta leƙa ƙasa. Abin da ke ɗiga ba fari ba ne. Mugunya ce gauraye da jini.

Ta tsaya kamar an kafa ta. "Ƙara gwadawa," ta ce. "Don Allah ƙara gwadawa." Talle ya ja da baya iyakar tsawon igiyarsa.

Jauro ya yi iya yinsa. Ya kira mai maganin dabbobi, aka yi allura, aka yi gashi. Zazzaɓi ya sauka, rai ya tsira, amma hantsa ta mutu. Ta motse ta koma kamar tsohuwar jaka. Goshi ta ci gaba da ɗaga kai a cikin garke, tana cewa in ta sake haihuwa kowa zai san matsayinsa.

Ran kasuwa da safe wani baƙo ya zo rugar. Bai dubi ƙahonninta ba, bai yaba farinta ba. Cinyarta ya mammatsa, ya daddanna tozo, ya yi magana da Jauro, suka tafa. Sai ya zura mata igiya a ƙaho.

"Carki," in ji Goshi, "wannan wane irin makiyayi ne? Ba sanda, ba malafa."

Carki ya sauko kan ƙahonta. "Ba makiyayi ba ne. Mahauci ne. Na ji Jauro na cewa saniyar da ba za ta iya shayar da ɗa ba, ba ta da wurin zama a garke."

"Ni? Ni Goshi? Ai kuskure aka yi. Guntuwa ce tsohuwa."

"Guntuwa na da ɗa a ƙarƙashinta," in ji Carki.

Aka ja igiya. Goshi ta turje, aka bi ta da tsumagiya, ta taka. A bakin shinge ta waigo. Shanu duk sun yi cirko-cirko, har karsanan nan babu mai motsi. Can gefe ga Guntuwa tsaye, Talle na ƙarƙashinta.

"Ɗana," Goshi ta kira.

Talle ya ɗago kai, bakinsa fari fat da kumfar nono. Ya dube ta ɗan jim. Guntuwa ta lashi bayansa, ya mayar da kai ya ci gaba da sha.

Darasin wannan labari shi ne, alherin da ka hana mabuƙaci don gudun kada a raina ka, ba ajiya ka yi ba, ciwo ka tara wa kanka. Goshi ta ji tausayin maraya har ƙafarta ta tashi, amma idon jama'a ya fi mata ransa. Ku yara, in Allah ya ba ku abin da wani zai rayu da shi, kada ku tsaya tambayar ɗan wane ne. Ku bayar tun yana da amfani.