Ƙofar da Aka Hana Tsohuwa Remei

An yi wani mutum a garinmu, a shekarar da fari ya kai har tsohon cocin da ruwan madatsa ya haɗiye ya sake bayyana. Ba zan ambaci sunansa ba. Waɗansunku sun taɓa cin abinci a gidansa.

A shekarar, hukumar gari ta hana kowa ƙara ko ɗigo a tafkin ninƙaya na gidansa. Ta bar ƙofa guda: wanda ya yarda ya buɗe nasa ga tsofaffi da marasa lafiya su fake wa zafi, a bar shi ya cika. Maƙwabta suka lulluɓe nasu da tamfol don kada rana ta shanye abin da ya rage. Shi kuwa ya je ya yi alkawari, aka sakar masa ruwa, ya cika tafkinsa fal, sannan ya sa kwaɗo.

Ya 'yan uwa, wa ya yaudara? Hukuma?

Wata rana da zafi ya tsananta, tsohuwa Remei, wadda ta riƙe shi ranar baftismarsa, ta hau tudun gidansa da sandarta. Ɗakinta na can saman bene daf da rufi, ya zama tanda. Ba iyo ta zo yi ba, ƙafafunta take so ta tsoma.

"Kai yaro, buɗe! Ni na wanke maka gindi kana jinjiri."

"Iya, yau an zuba wa ruwan magani. Sai gobe."

"Jiya ma gobe ka ce. Ita goben taka gurguwa ce?"

Ya yi dariya daga bayan ƙofa. Tana jin fantsamar ruwan baƙinsa, ta juya. Ba ta kai gida ba. A gindin katangar gonar zaitun aka same ta zaune, ta cire takalmanta ta ajiye su gefe.

Na daɗe ina tunanin takalman nan, har yau ban sami inda zan ajiye su a zuciyata ba.

Ba kotun da ta kira shi, gama zafi ba ya barin shaida. Amma ranar jana'izarta ya miƙa hannu, mutane suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Mai burodi ya daina ɗaga kai idan ya shigo. 'Yarsa ta tattara yaranta ta koma birni, ta ce ba za su ƙara taɓa ruwan nan ba. Matarsa ta bi ta.

Sai ya cire kwaɗon. Ya wangale ƙofa, ya jera kujeru a inuwa, ya zauna yana kallon hanya. Zafi bai sauka ba, tsofaffi suna nan a ɗakunansu suna haki. Ba wanda ya hau tudun.

Ya 'yan uwa, abin da ka karɓa da sunan mai rauni ba naka ba ne, amana ce. Kuma akwai ƙofar da in ba ka buɗe ta a ranarta ba, buɗewarta daga baya ba ta amfanar kowa.

Allah ya kiyaye mu da cewa "sai gobe" ga wanda ba shi da ita.