Uwarki Ba Ta Fita

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne.

"Ta zo mu ji ta, Inna!"

To ku gyara zama. Wanda ya zo don dariya ya koma ɗakin uwarsa, ta yau ba ta da daɗi.

A can da, an yi wata tsohuwar gizo-gizo, ba ta mallaki komai ba sai zare. Da za ta mutu, ta raba wa 'ya'yanta uku. Babbarsu, Yalwa, ta ɗauki nata ta haye bishiya, ta saƙa raga tana kama ƙuda. Namijin ya cusa nasa a aljihu, ya shiga ciyawa farauta. Ita kuwa ƙaramar, Gaje, ta dubi sama ta ce ya yi mata nisa, ta dubi ciyawa ta ce ta yi mata faɗi. Sai ta haƙa rami a gindin wani marke. Ta yaɓe bangon da zare, sumul. Ta kwaɓa ƙasa da zare ta yi ƙyaure daidai bakin ramin. In ta rufe, ko ka tsuguna a kai ba ka ganin komai sai ƙasa.

Nan ta zauna. In gyare ya gitta, ta ɗaga ƙyaure, caraf, ta ja shi ciki, ta rufe. Ba kasuwa, ba biki, ba gaisuwar mutuwa. Yalwa takan sauko ta zare ta ce, "Gaje, ke dai ba ki fitowa ki ga duniya?"

Gaje ta ce, "Duniya ta zo ta ganni, Yaya."

Ana nan, Gaje ta haifi 'ya'ya mata. Da suka yi wayo, kowace ta fita taku kaɗan, ta haƙa nata ramin, ta yi nata ƙyauren.

Sai ga Zanzaro, mai siririn ƙugu, mai zaƙin baki. Ya je ƙofar 'yar fari ya ce, "A sayi gara! Gara mai maiƙo!" Ta ɗaga ƙyaure. Ya ɗirka mata harbi, ya ja ta, ya kai gidansa na laka ya toshe.

Ya dawo. Ya je ƙofar ta biyu, ya yi tafiyar gyare, ƙaras, ƙaras. Ta ɗaga ƙyaure. Ya tafi da ita.

Ya sake dawowa. Ya je ƙofar ta uku, ya maƙe murya ya ce, "'Yata, ni ce, uwarki. Buɗe, ƙafata na ciwo."

"Ta buɗe, Inna?"

Wa zai ji uwarsa na kuka ya ƙi buɗewa? Ta buɗe.

Gaje tana ɗaki tana jin komai ta cikin ƙasa. Ta yi kuka har ta gaji. Da ta sake haihuwa, tun 'ya'yan suna kwance a ɗakinta ta ce, "Ku saurara. Mai talla, kar ku buɗe. Mai sallama, kar ku buɗe. Ko muryata kuka ji, ku kafa haƙora a ƙyaure, ku tokare ƙafa da bango. Ni ba na fita. Duk wanda ya ce ni ce, ƙarya yake." Ta yi musu waƙa. In na ba ku, ku amsa.

Mai kira yana kira.
"Riƙe, 'yata, riƙe!"
Ko da kuka ya zo.
"Riƙe, 'yata, riƙe!"
Uwarki ba ta fita.
"Riƙe, 'yata, riƙe!"

'Ya'yan nan suka sha waƙar kamar nono. Tabawa, Kyauta da Jimmai suka girma, suka yi ƙofofinsu kewaye da na uwarsu. Zanzaro ya zo da talla, ya zo da kuka, ya zo da muryar Gaje. Ya ja ƙyaure har ƙugunsa ya kusa tsinkewa. Ko motsi. Ya tafi yana zage-zage. Gaje kuwa kai ya kumbura, ta ce ta gama da duniya.

Rannan Yalwa ta sauko ta ce, "Gaje, ina hango mutum da gatari. Sassabe zai yi."

Gaje ta ce daga ciki, "Gatari na masu bishiya ne, Yaya."

Aka sare marke. Yalwa ta koma kan wata ƙaya a gindin dutse. Gaje ko gezau.

Yalwa ta sake zuwa. "Gaje, ya tara kirare. Wuta zai sa."

"Wuta ta masu ciyawa ce, Yaya."

Wuta ta bi ta kansu ta wuce. Ƙyaure ya yi zafi, amma bai ci ba. Gaje ta yi dariya har da riƙe ciki.

Da ruwan fari ya sauka, Yalwa ta zo tana haki. "Gaje, wannan karon naku ne. Ya zo da shanu biyu da garma. Ƙasar yake juyawa. Ki kwashi 'ya'yanki ku koma gindin dutse, garma ba ta shiga can."

Gaje ta buɗe baki za ta ba da amsa, sai bangon ɗakinta ya girgiza. Ta san takun akuya, ta san na jaki, ta san na tsawa. Wannan ba ta san shi ba. Ta ɗaga ƙyaure kaɗan ta leƙa. Ta ga ƙasa tana tashi tana kifewa. Ta ga gidan tururuwa ciki a waje, ƙwayayensu warwatse, belbelu na bi suna tsinta. 

Gaje, wadda ba ta taɓa fita ba, ta fito. Rana ta soke mata ido. Ƙafafunta ba su san tafiya ba, tana yi tana faɗuwa. Ta isa ƙofar Tabawa ta buga.

"Tabawa! Buɗe! Ni ce! Garma na zuwa!"

Tabawa ta ce, "Sannu da aiki, Zanzaro. Yau kuma garma ka zo da ita?" Ta kafa haƙora a ƙyaure.

Gaje ta ja, ta ja. Ita ta koya mata riƙon, yaya za ta iya da shi? Ta rarrafa ƙofar Kyauta.

"Kyauta! Don Allah, don Annabi! Uwarki ce!"

Sai waƙa ta taso daga ƙarƙashin ƙasa, siririya: Uwarki ba ta fita.

Shanu sun juyo, kunyar noma biyu ta rage su iso. Gaje ta faɗa kan ƙofar Jimmai, ta sa baki daidai tsagar ƙyaure.

"Jimmai, ke ce mai gajeriyar ƙafa ta hagu. Ke ce kika kwana a bayana ranar da ruwa ya shigo mana. Zanzaro ya san wannan?"

Can Jimmai ta ce, "Wallahi muryar Inna ce."

"Ni ce, 'yata! Buɗe!"

Ƙyaure ya motsa. Ya ɗaga kamar kaurin gashi. Sai ya koma, garam.

Jimmai tana kuka ta ce, "Inna ta ce ko da kuka aka zo. In ke ce, ki yafe mini. In na buɗe na saɓa miki."

"Kai, Inna! Ta buɗe mana!"

Ku yi ta cewa. Ni ma na faɗa lokacin da nake kamarku. Ba ta buɗe ba.

Inuwar shanu ta rufe Gaje. Yalwa ta yi ihu daga kan ƙaya, "Ƙwanki, Gaje! Ƙwanki!" Sai Gaje ta tuna ƙunshin ƙwai da ta rataye a ɗaki. Ta koma, ta ciro shi, ta riƙe da haƙora, ta ja ciki zuwa dutse. Ba ta waiwaya ba. Ba sai ta waiwaya ba, tana ji ta ƙafafunta. Garma ta bi ta kan Tabawa. Ta dawo ta kan Kyauta. Ta sake dawowa.

Mai gonar yana fito abinsa, yana yi wa shanunsa kirari. Ba mugu ba ne. Gero yake so ya ci da iyalinsa. Bai ma san ya yi ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Gaje ta isa gindin dutse. Ƙasar can tauri gare ta, ita kuma ta tsufa. Ta yi ta kankara har haƙoranta suka dakushe, ta samu ɗan rami, ta yi masa karkataccen ƙyaure.

Zanzaro ya sauka kan dutsen yana gyaran fiffike. Ya dubi gonar, tas, ba ƙofa ko ɗaya. Ya ce, "Gaje, kin zage ni shekara da shekaru. Ni ɗaya-ɗaya nake ɗauka, in bar miki saura. Wannan fa?"

Gaje ta ce, "Tashi ka ba ni wuri."

Ya ce, "Ina zan je? Ke kaɗai kika rage. Ina nan ina jiran ƙwan."

Ƙwai ya ƙyanƙyashe. 'Ya'ya suka cika ɗaki, suna hawa bayanta. Rannan wata ta ce, "Inna, in mun yi namu ƙofofin, aka buga, mu buɗe?"

Gaje ta ɗaga ƙyaure kaɗan. Ta dubi gona, gero ya yi kore shar a kan 'ya'yanta. Ta dubi kan dutse, ga Zanzaro zaune. Zuciyarta kamar ta fashe. Sannan ta rufe ƙyaure, ta tara su, ta fara.

Mai kira yana kira.

Ku amsa mana. Kun yi shiru?

"Riƙe, 'yata, riƙe."

Shi ya sa har yau ba ku ganin jikokin Gaje a tsakiyar gona. Sai gindin dutse, sai bakin shinge, sai inda garma ba ta kai ba. Dangin Yalwa in wuri ya ɓaci sukan saki zare iska ta ɗauke su. Su waɗannan ba su da inda za su. Ka buga, ka roƙa, ka yi kuka, ba za su buɗe ba, uwarsu ta hana.

Ƙyaurensu na tare Zanzaro, amma ba ya tare mu. Saboda haka in kun girma kun riƙe garma, ku bar gefen gona yadda kuka same shi. In kun ga 'yar ƙofa a ƙasa, kar ku sa tsinke. Akwai mai riƙe da ita daga ciki, tana jin maganar uwarta.

Ƙurunƙus! Na ja ƙyauren tatsuniyata na rufe, kowa ya tashi a hankali, ya duba inda yake sa ƙafa.