Gajerun Takardun Ustaz Salahuddin

Akwai wata malamar Turanci a Umbadda, can yammacin Umdurman a ƙasar Sudan, ana kiranta Ustaza Talatu. Kakanninta a gonakin audugar Jazira suka yi ƙwadago, ita kuwa alli Allah ya ɗora mata. Tana koyarwa a wata makarantar sakandaren 'yan mata mai zaman kanta, a shekarun nan na mulkin soja da shagunan intanet suka fara ɓulla a unguwanni.

Talatu na da hali guda da ya ishi kowa a gidansu, wato bin diddigi. In ta ga abu bai zauna daidai ba, hankalinta ba ya kwanciya sai ta san dalili. Mijinta kan ce ɓatan hanya ne ya kai ta aikin koyarwa, a 'yan sanda ya kamata a same ta.

A wannan shekarar tana cikin tsaka mai wuya. Sau biyu a jere ɗalibanta na ajin ƙarshe suna faɗuwa Turanci a jarrabawar Shahada, ta kammala sakandare. Littafin gwamnati ɗaya ne tilo, yaran sun haddace shi kamar karatun allo, amma da an kawo musu labarin da ba su taɓa gani ba sai su yi tsuru-tsuru.

Shugaban makarantar, Ustaz Ibrahim Khalil, ya kira ta ofis.

"Ya Ustaza, ma'alesh, ki yi haƙuri, amma iyaye suna magana. In bana ma aka maimaita, khalas, shi ke nan, zan haɗe ajinki da na Ustaz Salahuddin, ke ki koma ajin farko."

Maganar ta yi mata zafi. Ba muƙamin ne ya dame ta ba. Yaran nan ta san sunan uwar kowacce, kuma ba ta so a ce a hannunta suka rasa jami'a.

Shi Ustaz Salahuddin, mai riƙe da ɗaya ajin ƙarshen, tauraro ne a makarantar. Kowane mako sai ya shigo da sabuwar takarda: gajeren labari mai daɗi, tambayoyi a ƙasa, wani lokacin har da zane. Ɗalibansa na cin jarrabawa, shi kuma yana tafiya kamar ƙasar ma alfarma yake mata.

Wata rana lokacin fatur, wato karin kumallo, malamai sun kewaye kwanon dafaffen waken ful da burodi, Talatu ta cire girman kai ta tambaye shi.

"Ustaz, don Allah takardun nan naka, a ina kake samo su? Ka taimaka mini, yarana na neman nitsewa."

Ya gama tauna lomarsa a nitse, sannan ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa.

"Daga nan suke fitowa, ya Ustaza. Wannan ba abin da ake koya wa mutum ba ne. Baiwa ce."

Wasu suka yi dariya. Talatu ta yi murmushin yaƙe, ta tsame hannunta daga kwanon.

Bayan kwana biyu, tana tattara takardun gwaji, sai takardar Ustaz Salahuddin guda ta faɗo cikin nata, wata yarinya ce ta aro a wurin ƙawarta. Talatu ta buga tarin a kan tebur don ya daidaita. Duk suka daidaita ban da wannan. Ta gaza sauran tsawo da kamar yatsa biyu.

Wani zai wuce abinsa. Ban da Talatu. Ta sa aka aro mata wasu guda biyar, ta jera su. Duka gajeru ne, kuma duka daga ƙasa. Ta shafa bakin takardar, ta ji ba santsin yankan kamfani ba ne, akwai ɗan karkacewa irin na hannun mutum.

Me zai sa babban malami ya zauna yana yanke ƙasan takarda? Tsimi? To ai ba a tsimin takarda ta hanyar zubar da ita. Da tambayar nan ta shiga raksha mai ƙafa uku, da ita ta sauka, har ta zuba wa mijinta gishiri a shayi a madadin sukari.

Ranar Alhamis bayan an tashi, ta nufi shagon da malaman unguwar ke yin fotokwafi, kusa da tashar mota. Mai shagon dattijo ne Bahaushe, ana ce masa Dogo, yana da kwamfuta shida a jere da fanka ɗaya mai kuka.

"Baba Dogo, injinka ne ke cinye ƙasan takarda?"

Dogo ya karɓa ya duba, sai ya fashe da dariya.

"Injina lafiyarsa ƙalau, 'yata. Wannan aikin Ustaz ne. Duk mako zai zo ya zauna a waccan ta lungu, ya buga abinsa, sannan ya ce in ara masa almakashi. Wallahi ya dusar mini da guda biyu. Ga guntayen can a kwali, ban ma zubar ba."

Talatu ta duƙa ta zaro siririyar takarda guda. A jikinta akwai layi ɗaya da ƙananan haruffa, adireshin shafin intanet. Ta zaro ta biyu, shi ne dai. Ta uku ma haka.

Ba ta taɓa shiga intanet da kanta ba. Dogo ya nuna mata inda ake rubutawa, ta dinga danna haruffan ɗaya bayan ɗaya da yatsa guda, tana kallon guntun takardar. Shafin ya yi ta nauyi kafin ya buɗe.

Da ya buɗe, sai ta dafe ƙirji. Wasu malamai ne a wata ƙasa suka zuba darussa ɗaruruwa, kyauta, don duk mai koyar da Turanci ya ɗauka. An kasa su aji-aji. Ga labarai, ga tambayoyi, ga muryoyin mutane suna hira a sa wa yara su ji. Can kuma ga labarin da Ustaz Salahuddin ya raba makon jiya, ko waƙafi bai canza ba.

Ranta ya shiga tafasa. Da an koma makaranta za ta iya ajiye guntun takardar nan a gefen kwanon ful, gaban kowa, ta tambaye shi ko wannan ce baiwar. Har ta hango fuskarsa, kuma gaskiya hangen ya yi mata daɗi.

Amma kafin ta gama jin daɗin, idonta ya faɗa kan wani labari game da kasuwar raƙuma, ta shiga karantawa, daga shi ta faɗa wani. Kiran sallar La'asar ne ya dawo da ita. Ta ga ashe abin da ta samu ya fi ƙarfin a ɓata shi wajen kunyata mutum. Ta jefa guntun takardar cikin kwali, ba ta ce wa kowa komai ba.

Abin da ta yi daban ne. Ta soma ɗebo darussa tana gyara su, inda aka sa dusar ƙanƙara ta sa ruwan Nilu, inda aka sa jirgin ƙarƙashin ƙasa ta sa hafila, motar haya mai zuwa Khartum. Ta kwashe muryoyin a filas, 'yar ma'ajiyar nan ta kwamfuta, ta ari rediyo mai cin filas, yara suka ji Turanci daga bakin masu shi, suka yi ta ƙyalƙyala dariya suna kwaikwayo.

Kuma duk malamin da ta haɗu da shi sai ta rubuta masa adireshin. Ta ba ƙawarta Ustaza Layla mai koyarwa a unguwar Hillat Kuku. Ta ba malaman da suka haɗu a taron bita. Har wani da suka zauna kujera ɗaya a mota ta rubuta masa a bayan ambulan. Mijinta ya ce, "Ke kam ba ki iya samun abu ki yi shiru ba."

Saura wata biyu jarrabawa, ta je shagon Dogo kamar kullum. Shafin ya ƙi buɗewa. Rubutu ne kawai ya fito, cewa ba a samun wannan shafi a ƙasarku. Zamanin takunkumi ne, haka shafuka ke rufe wa mutanen Sudan ƙofa ba sallama.

Ta ce ba komai, ai tana da filas. Ta soka shi, sai ta tarar wayam. Cutar kwamfuta ta shiga shagon a makon nan, ta share duk filas ɗin da ya taɓa injinan. Dogo ya yi ta ba da haƙuri kamar zai yi kuka.

Duk darussan bitar ƙarshe da ta tanada suna ciki, ba ta buga su ba tukuna. Ta fito ta tsaya a rana. Tsoro ya kama ta sosai.

Ta kira Ustaza Layla don kawai ta samu wanda za ta faɗa wa.

"Shi ne kike neman yin kuka?" in ji Layla. "Ya ukhti, 'yar'uwata, tun watan da kika ba ni na sa ƙanena ya kwashe shafin kaf a faifai. Gobe zan aiko miki. Kuma kin tuna mutumin da kika ce kin rubuta wa a mota? Ashe a makarantar kusa da mu yake. Ya gano wasu shafuka biyu da har yanzu suna buɗewa."

Kafin mako ya zagayo, faifai uku ne a jakar Talatu, da tarin takardu daga malaman da wasunsu ba ta ma tuna fuskarsu ba. Abin da ya dawo mata ya ninka wanda ta rasa.

Ustaz Salahuddin kuwa shi ma filas ɗinsa ya tafi. Sai dai wa zai tambaya? Mutumin da ya ce daga kansa darussa ke fitowa ba ya iya cewa an rufe masa shafi. Ya koma raba tsofaffin takardu, ɗalibai suka fara gunaguni, shi kuma ya rage fara'a, ya daina zuwa fatur.

Talatu ta lura, kun dai san halinta. Wata safiya ta same shi shi kaɗai a ɗakin malamai, ta ajiye faifai guda a gabansa.

"Ustaz, wannan na bita ne. Yaranka ma yaranmu ne."

Ya ɗauka ya karanta sunan shafin da Layla ta rubuta a jiki da jan biro. Ya ɗago ya dube ta. Ita kuwa ta ɗauki allinta ta wuce aji.

Da sakamako ya fito, cikin ɗalibanta talatin da huɗu, uku ne kawai suka faɗi Turanci. Shugaban makaranta ya tara malamai, bakinsa har kunne.

"Ustaza Talatu, ajinki naki ne, mabruk, ina taya ki murna. Na kuma san hannun wa ke ciki. Mu gode wa Ustaz Salahuddin da ya ja 'yar'uwarsa a jiki, ya ba ta daga baiwarsa."

Aka fara tafi. Talatu ta sunkuyar da kai, ba ta gyara masa ba.

Sai Ustaz Salahuddin ya miƙe.

"Ku dakata, ya jama'a. Ta roƙe ni na hana ta, na kuma yi mata ƙarya a gabanku. Ban taɓa rubuta ko ɗaya daga takardun nan ba, a intanet nake ɗaukowa. Ta sani tun tuni, ba ta tona ni ba. Yarana ma da suka ci bana, da faifanta suka ci."

Ya juya wurinta, a gaban mutanen da suka yi mata dariya rannan, ya ce, "Ki yafe mini, Ustaza."

Talatu ta share idonta da gefen mayafi. "Na yafe, Ustaz. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Darasi: Ilimin da ka ɓoye, ranar da ya kuɓuce maka ba ka da wanda za ka nema a wurinsa. Wanda ka raba wa mutane kuwa yana nan ajiye a hannunsu, ranar buƙata zai dawo maka da ƙari. In kuma Allah ya nuna maka asirin wani, ka rufa masa. Ku tura wa malamanku da abokan aikinku wannan labari, musamman wanda kuka san ya samu abin amfani yana ta ɓoyo.