Ƙofar da Maigida Ya Rufe da Hannunsa

Akwai wani mutum a wani gari bayan duwatsu, inda sabis ɗin waya ba ya shiga sai an hau tudu. Yana da ɗan shago a ƙofar gidansa inda ake buga takardu, ya kuma ja intanet har cikin shagon. Mutum ne mai son gyare-gyare. Kun san irinsu: ko abu lafiyarsa ƙalau, sai sun kwance shi sun ga cikinsa hankalinsu yake kwanciya.

Yana da 'ya guda, sunanta Keziya. Ta gama karatun jinya, ta daɗe a gida tana jiran aiki har ta gaji da amsa tambayar maƙwabta. Sai wani asibiti a birni mai nisa ya aiko mata cewa za a gana da ita ta bidiyo ran kaza da hantsi. Aka kuma ja mata kunne: masu nema da yawa, wanda aka kira bai amsa ba za a wuce shi.

Da ranar ta zo, uban ya tashi da damuwa. Samarin gari sukan cika shagon suna kallon ƙwallo a wayoyinsu, in sun taru kuwa intanet ɗin sai ya riƙa jan ƙafa. Ya ce a ransa, "'Yata ba za ta yi kokawa da 'yan ƙwallo ba yau."

Na'urar da ke raba intanet ɗin, wadda ake kira rauta, ƙofa ɗaya ce a jikinta da waya ke fita ta kai wa shago da gida. Amma mutumin ya koyi cewa ana iya shiga cikin na'urar da kwamfuta, a yanka ƙofar nan guda zuwa ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, kowace da lambarta da adireshinta. In saƙo ya zo, lambar da ke jikinsa ce za ta nuna masa inda zai bi, kamar buhunan da ake yi wa alama a motar kasuwa. Ya ƙudura zai yi uku: ta shago, ta gida, da ta Keziya ita kaɗai.

Matarsa ta gan shi yana janyo benci, ta ce, "Baban Keziya, yau kuwa? Ka bar abin nan sai gobe mana."

Ya ce, "Ke dai je ki dama kununki. Kafin ya huce na gama."

Don kada saƙonni su riƙa kai da kawowa yana cikin aiki, sai ya fara da rufe babbar ƙofar da umarni ɗaya da ya rubuta a kwamfuta. Ya ce in ya gama zai buɗe. Sannan ya duƙufa. Aiki kam ya yi kyau, a faɗi gaskiya. Kowace ƙaramar ƙofa ya ba ta lambarta, ya ba ta adireshinta, ta Keziya ya ware mata rabo mafi tsoka. Ya miƙe yana murmushi, ya ƙwala kira, "Keziya, gwada mu gani!"

Shiru. Ba abin da ya shigo.

Ya koma ya duba lambobin, daidai suke. Ya goge ta Keziya ya sake rubutawa. Ya ruga ɗakinta, ya same ta zaune gaban kwamfuta cikin rigar da ta goge tun jiya, hannunta biyu a kan cinya.

"Baba, ya zo?"

"Saura kaɗan."

Ya koma shago a guje. Ya cire wayar da ke jikin na'urar ya sa wata, ya hura bakinta, ya mayar da ta farkon. Ya zagi kamfanin intanet. Ya kori samarin da suka fara taruwa, wai su ne da taɓe-taɓe. Ya tambayi matarsa ko tsintsiyarta ta ja wani abu da safe. Baiwar Allah ta ci gaba da aikinta. Zufa ta jiƙe masa riga, yana rubutu yana gogewa. Zama ya gagara, tsayuwa ta gagara. Inuwar shago kuwa sai janyewa take yi.

Uwar ta leƙa ɗaki ta ce, "Keziya, ɗauki wayarki mu hau tudu. In mun yi sauri ko ma samu."

Yarinyar ta dubi ƙofa, ta dubi uwarta, ta ce, "Mama, Baba ya ce saura kaɗan."

Ta zauna, don ta yarda da ubanta.

Da abin ya ishe shi, mutumin ya taka benci zai fizge na'urar daga saman kantar shagon. Sai idonsa ya faɗa kan 'yar fitilar da ke bakin babbar ƙofar. A mace take. Wayyo! Duk wannan kai da komo, ƙananan ƙofofin yake ta bi, babbar kuwa tana nan yadda ya rufe ta da safe. Ya sauko, ya rubuta umarnin buɗewa, abin da bai fi numfashi guda ba. Nan take fitilar ta kama, ƙofofin nan uku suka farka tare. Wayoyin samarin da ke waje suka hau ƙara, har wani ya yi ihun murna.

Keziya ta ga saƙon asibitin a kwamfutarta, ta fito a hankali, ta tsaya a bakin shagon. Ta ce, "Baba, sun kira. Sun jira ni, sun wuce."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka a gabansa ba. Da ta yi ma, da ya fi masa sauƙi. Ya zauna a kan bencin, ya kasa ɗaga kai.

Ma'anar wannan misali ita ce: na'urar nan zuciyarka ce. Ƙananan ƙofofin su ne sassan rayuwarka, wato sana'a, da iyali, da hidimar da kake yi a ikkilisiya. Babbar ƙofar kuwa zumuncinka ne da Ubangiji. Ƙananan ba su da rai na kansu. Kome kyawun tsarinsu, in babbar tana rufe, duk a mace suke.

'Yan'uwa, ku lura, ba maƙiyi ne ya rufe ƙofar nan ba, maigida ne da hannunsa. Ba da mugun nufi kuma ba, don 'yarsa yake wahala. Haka muke yi. Ka ce bari in gama gini tukuna sannan in koma addu'a. Ki ce bari yara su girma. Kina cikin zumuntar mata, kana cikin mawaƙa, sunanka na cikin kowane kwamiti, amma yaushe rabonka da ka durƙusa kai kaɗai? Gida ya rasa salama, kana ta laluben laifi wurin mata, wurin maƙwabta, wurin fasto ma. Haba! Ɗaga kanka ka dubi babbar ƙofa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ba kai kaɗai kake asara ba. Akwai waɗanda Allah ya sa a ƙarƙashin inuwarka, albarkarsu ta kanka za ta bi, suna zaune sun yarda da kai.

Asibitin nan bai sake kiran Keziya ba. Ubangiji kuwa, cikin jinƙansa, yana kira yau. Mu sunkuyar da kai tun ba a tashi ba. Wanda ya san shi ya rufe, ya buɗe.